Yadda za ka ba mai son sayen babur mai caji ɗani a kan naka

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da shugaban ƙasa Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, lissafin zirga-zirga ya sauya a kusan kowane gida. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haye 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta zarce naira 1,000 a garuruwa da dama. Wannan ne ya sa baburan da ake yi wa caji, waɗanda a da ake yi musu kallon kayan wasan yara, suka fara yawaita a titunanmu. Duk wanda ya mallaki ɗaya ya saba da tambayoyin da ake tare shi da su a ƙofar masallaci, a wurin aiki, har a danja: "Malam, idan ya cika kilomita nawa yake yi?" "Yana hawa gadar sama da mutum biyu?" "Batirin yana kai shekara?"

Amsar baki ba ta wadatar da mai shirin zuba kuɗin da ya daɗe yana tarawa. A shago kuwa, abin da za a bar shi ya yi bai wuce ya zagaya bakin layi ya dawo ba, kuma kowane babur mai caji yana da kyau a minti biyun farko. Wanda ya hau nasa wata da watanni, cikin zafi da damina, shi ne ke riƙe da gaskiyar abin. Shi ya sa nake ganin ba da ɗani alheri ne babba, ko naka kake son sayarwa, ko maƙwabci ne yake son ya gwada kafin ya je ya sayo sabo. Sai dai alherin yana da tsari. Idan babu tsari, ko dai a gudu maka da babur, ko mutum ya ji ciwo a hannunka, ko kuma, wanda ya fi faruwa, ya sauka bai koyi komai game da batirin ba alhali batirin ne kusan dukan cinikin.

Da farko, wa za ka ba?

Mutum iri uku ne ke zuwa. Akwai wanda ka sani, ka san gidansu. Akwai wanda wani naka ya haɗa ku ko dillali ya kawo. Akwai kuma wanda ya ga hoton babur ɗin a Facebook, ko Jiji, ko a WhatsApp, ya kira ka ba ka taɓa ganinsa ba. Na farko maganar baki da shaida ɗaya ta isa. Na biyu, wanda ya kawo shi ya kasance a wurin, ya tsaya masa. Na uku shi ne za ka yi wa duk matakan da ke tafe ba tare da ka tsallake ko ɗaya ba, domin tsohuwar dabarar ɓarayin babur ita ce su zo a matsayin masu saye, su yaba, su taya, su ce bari su ɗan ɗana, daga nan sai labari.

Tun a waya ka tambaye shi ko ya iya babur, kuma wane iri ya saba hawa. Wanda ko keke bai iya ba, ba ɗani yake buƙata ba, koyo yake buƙata, wannan kuwa wani zama ne daban. Yaro ƙarami kuma kada ka ba shi, ko mahaifinsa na tsaye yana cewa ai ya iya. Idan don yaron za a saya, uban ya hau.

Shirya babur ɗin tun daren jiya

Ka yi masa caji ya cika har fitilar caja ta koma kore, sannan ka cire shi ka bar shi ya huta aƙalla awa guda kafin lokacin haɗuwa. Wannan hutun yana da muhimmanci. Batirin da aka cire daga caja yanzun nan yana nuna ƙarfin da ya fi na gaskiya, ko da ya tsufa, sai ya ɗan zauna lambar take sauka ta tsaya inda ya kamata. Wasu masu sayarwa da gangan suke zare caja a gaban mai saye don allo ya nuna maƙil. Kada ka zama cikinsu.

Ka biya wurin mai faci ya daidaita iskar tayoyi da ma'auni, kada ta wuce abin da aka rubuta a gefen tayar. Taya mai ƙarancin iska tana shan caji sosai, tana kuma sa kan babur ya yi nauyi, sai baƙo ya ɗauka laifin babur ɗin ne. Ka matsa birkin gaba da na baya ɗaya bayan ɗaya, ka gwada fitila, sigina da oda, ka girgiza madubai. Idan tayar baya ce ke ɗauke da moto, wato injin lantarkin da ke juya taya, kamar yadda yake a mafi yawan waɗanda ake shigo da su daga Sin, ka duba manyan notocin da ke riƙe da ita da wayar da ke fitowa daga tsakiyarta, kada ta kasance ta goge.

Sai ka ɗauki takarda ka rubuta abu huɗu da za ka miƙa masa: ƙarfin batir a ma'aunin bolt (V), wato 48V, 60V ko 72V, girmansa, kamar 20Ah ko 32Ah, irinsa, ko mai dalma ne ko litiyom, da watan da aka saya ko aka canza shi. Ka tanadi hular kwano mai maɗauri lafiyayye. Tun farkon 2009 hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta fara tilasta sanya ta a Najeriya, amma ko babu doka, kan baƙonka amana ne a hannunka.

Wuri da lokaci

Baƙon da ba ka sani ba kada ka kira shi gida, don ba ka son ya ga inda babur yake kwana. Ku haɗu inda aka san ka: ƙofar shagonka, majalisarku, ko kusa da wani ofis mai masu gadi. Ya kasance akwai fili a kusa, kamar filin ƙwallo mai ƙasa mai tauri ko layi mai kwalta wanda motoci ba su cika bi ba. Ka je da mutum ɗaya wanda yake da nasa babur. Safiya ko bayan la'asar ta fi, musamman a watannin Maris zuwa Mayu da zafi ke haura digiri 40 a Kano, Sakkwato da Maiduguri. Bayan magariba babu ɗani, ko wane ne.

Maganar da ake yi kafin makulli ya bar hannunka

Nan ne kunya ke cutar mutanenmu. Ana jin nauyin a ce wa dattijo ya kawo katin shaida, ko a tambayi aboki wa zai biya idan an fasa fitila. Amma maganar da aka yi kafin a hau, cikin fara'a, ba ta ɓata zumunci. Wadda ake yi bayan an faɗi ita ke kai mutane wurin mai unguwa ko ofishin 'yan sanda. Ka faɗe ta a matsayin ƙa'idarka ga kowa, ba zargi ga shi kaɗai ba:

"Alhaji, ka yi haƙuri, haka nake yi da kowa. Zan riƙe katinka har ka dawo, ɗan'uwana kuma zai bi ka a baya ko da wani abu zai taso a hanya. Idan Allah Ya kawo tsautsayi aka fasa wani abu, gyaran yana wuyanka. Idan kuma babur ɗin ne ya lalace da kansa, ba ruwanka. Ka amince?"

Ka bari ya amsa a gaban shaida. Ka karɓi kati mai hoto, na ɗan ƙasa, na zaɓe ko lasisin tuƙi, ka haɗa fuskar da ke kai da wadda ke gabanka. Ka kira lambar wayarsa nan take ka ji ta yi ƙara a aljihunsa. Ga baƙo, kati kaɗai bai isa ba, don ana yin na bogi. Ya bar abin hawan da ya zo da shi tare da makullinsa, ko ya ajiye kuɗi a hannun shaidar da kuka yarda da shi. Kada ka karɓi jaka a rufe ko waya a kashe a matsayin jingina, kada kuma ka yarda da "ga yarona nan zai zauna da kai", domin wani lokaci yaron ma a hanya aka tsince shi, bai san mutumin ba. Ka ɗauki hoton babur ɗin ta kowane gefe a gabansa don kada a yi musun tsohon ƙwarzane da sabo. Takardu, caja da rimot na biyu su zauna a wurinka.

Wanda ya fusata da wannan ya tafi, ka bar shi ya tafi.

Bayani a tsaye, babur a kashe

Kada ka gajarta wannan matakin, musamman ga wanda ya ce shekara ashirin yana kan babur. Gwanayen babur mai mai su ne suka fi shan mamaki, saboda hannunsu ya saba da abin da babu shi a nan. A kan Boxer ko Jincheng, sai ka ta da inji, ka ji ƙara, ka matsa kuloci, ka sa giya, kafin taya ta motsa. Ƙarar nan ita ke gaya wa jiki cewa babur a kunne yake. Mai caji ba ya ƙara ko kaɗan. A kunne da a kashe duk shiru ne, kuma da an murɗa totur yake zabura da dukan ƙarfinsa, ba ya jira.

Saboda haka ka sa shi ya zauna, ƙafafu biyu a ƙasa, makulli a hannunka, ka nuna masa abubuwa bi da bi. Totur, da yadda yake komawa da kansa idan an sake shi. Birki biyu, waɗanda a irin mai shimfiɗar ƙafa duka a hannu suke: na hagu ba kuloci ba ne, birkin baya ne, kuma mutumin da ya saba damƙe shi da ƙarfi zai ja taya. Ka gaya masa cewa a mafi yawansu, da an taɓa birki wuta ke yankewa daga moto, don haka idan ya rikice, ya matsa birki biyun a hankali, ya manta da komai. Ka nuna masa maɓallin gudu mai lamba 1, 2, 3, ka mayar da shi kan 1 da hannunka. Idan akwai harafin P a allo, ka bayyana masa cewa babur ba zai motsa ba sai an cire shi, galibi ta hanyar matsa birki ko danna maɓalli. Idan akwai maɓallin ribas, ya san inda yake don kada ya danna shi a madadin oda.

Sai ƙa'idoji uku da za ka sa ya maimaita maka da bakinsa. Ba a kunna babur sai an zauna. Ba a sauka sai an kashe. Ba a tura shi da hannu yana kunne, domin mai turawa yana riƙe da totur ne bai sani ba, babur zai fizge, shi kuma garin riƙewa sai ya ƙara murɗawa. A wurin da yara suke, ka zare makulli duk lokacin da aka tsaya, don yaro na iya kama totur da wasa.

Abu biyu kuma ya sani game da hanya. Masu tafiya a ƙasa, awaki da kaji ba za su ji zuwansa ba, dole yatsansa ya zauna kusa da oda. Sannan idan ya saki totur a gangara, babu giyar da za ta riƙe shi kamar yadda ya saba, sai dai kaɗan a waɗanda ke mayar da wuta cikin batir. Birki ne abin dogaronsa. Idan naka mai ƙananan tayoyi ne, na inci 10 ko 12, ka ja masa kunne kan ramuka da yashi, don ramin da tayar inci 17 za ta haye, ƙarama faɗawa take yi.

Idan mace ce za ta hau, ko namiji mai babbar riga, a tattare hijabi ko rigar a zauna a kai, kada gefe ya sauka kusa da tayar baya.

Zagayen farko

A cikin fili, a lamba 1, kana tsaye. Ya tashi, ya yi taku kamar ashirin, ya tsaya. Ya sake. Ya yi kwana dama, ya yi hagu, ya ja birki da ɗan ƙarfi sau biyu. Kai kuma idonka a kan hannunsa na dama. Idan har yanzu fizgar totur yake yi, ko yana sauke ƙafa kafin ya tsaya, bai isa titi ba. Ka ce masa, "Yallaɓai, mu ƙara zagaye biyu hannu ya saba," babu wanda zai ji haushin wannan. Minti biyar zuwa goma sun isa ga mafi yawan mutane.

Gwajin gaskiya: batir a kan hanya

Duk abin da ya gabata share fage ne. Wanda zai sayi babur mai caji, batir yake saye, sauran ƙarfe ne da roba, kuma batir ba ya faɗin gaskiya sai an ɗora masa nauyi an yi nisa da shi. Tsohon batir kamar randa ce mai tsaga: da safe a cike take har baki, kafin azahar ta koma rabi ba tare da an sha da yawa ba. A tsaye allo zai nuna sanduna duka, sai an yi kilomita biyar ko shida ake gane halinsa.

Kafin a tashi, ku rubuta abin da allo ya nuna. Idan yana nuna lambar bolt, ita za ku rubuta, ta fi sanduna amfani nesa ba kusa ba. Idan ba ya nunawa, ƙaramar mitar gwajin wuta irin ta masu gyaran rediyo ta wadatar. Mai saye ya kunna taswirar wayarsa ta ƙirga tafiyar, ya sa wayar a aljihu, domin allon wasu baburan yana ƙara wa gudu da nisa gishiri.

Ku zaɓi hanya ta kimanin kilomita goma zuwa da dawowa, wadda ta yi kama da wadda zai riƙa bi kullum. Idan hanyar gidansa burji ce, a haɗa da burji. Idan akwai tudu ko gadar sama tsakaninsa da kasuwa, a hau ɗaya. Ya yi tafiyar a lamba 2 ko 3, yadda zai yi idan nasa ne, ba lallaɓawa ba. Kai ko ɗan'uwanka kuna biye da shi, kuma an riga an faɗi inda za a juya.

Ka gaya masa abin da zai lura da shi. Duk sanda ya murɗa totur daga tsaye ko ya fara hawa tudu, lambar da ke allo za ta ɗan sauka, idan ya sassauta ta dawo. Wannan ba aibi ba ne, haka kowane batir yake. Abin dubawa shi ne zurfin saukar. Lafiyayye bolt kaɗan yake sauka. Wanda ya gaji sai ya zube daga cike zuwa sanda ɗaya ko ja, wani lokaci babur ya ɗauke gaba ɗaya a tsakiyar hawa, sai an kashe an kunna. Dalili shi ne kwantirola, wato na'urar da ke sarrafa wutar da ke zuwa moto daga batir, tana yanke wuta idan ƙarfi ya faɗi ƙasa da wani mataki don ta kare batir, kuma a masu dalma matakin yakan kasance wajen 42 ga mai 48V, 52 da ɗoriya ga mai 60V, 63 ga mai 72V.

Batun goyo, idan da iyali zai riƙa hawa ko da kaya, ya kamata a gwada da nauyin, don mutum na biyu yana rage nisa sosai. Amma ka san dokar garinku tukuna. A ƙwaryar birnin Kano an haramta acaɓa tun Janairun 2013, kuma akwai garuruwan da goyo ke jawo kamu. Inda haka take, buhun hatsi da aka ɗaure da kyau a baya zai yi aikin.

Bayan an dawo

A kashe babur, a ba mai saye ruwa ya sha, a bar batir ya huta minti ashirin zuwa talatin kafin a sake karantawa. A cikin wannan jiran, ya kai bayan hannunsa kusa da moton taya da kwantirola. Ɗumi daidai ne. Zafin da hannu ba zai iya jurewa ba bayan kilomita goma, ko ƙaurin waya, alama ce ta matsala. Ya ɗaga tayar baya a kan jak ya juya ta da hannu, ya saurari ko boris na kuka.

Yanzu lissafi. Babur mai dalma jerin batura ne masu 12V: huɗu a mai 48V, biyar a mai 60V, shida a mai 72V. Kowane ɗaya, idan ya huta, yakan nuna kimanin 12.8 a cike, 12.2 a rabi, 11.8 idan ya kusa ƙarewa. Ke nan mai 60V zai nuna wajen 64 a cike, 61 a rabi, 59 a ƙarshe. Mai 72V kuma wajen 77, 73 da 71. Idan an tashi a 64 aka dawo a 61 bayan kilomita goma, rabi ya tafi, kuma babur ɗin bai fi na kilomita ashirin ba, komai aka rubuta a kwalinsa. Idan an dawo a 63, batirin yana da sauran ƙarfi sosai.

Idan za ka iya buɗe mazaunin baturan, ku auna su ɗaya-ɗaya. Ya kamata lambobinsu su yi kusa da juna. Wanda ya gaza 'yan'uwansa da rabin bolt ko fiye, shi ne ke jan sauran ƙasa, kuma sa sabo ɗaya cikin tsofaffi ba ya daɗewa, yawanci jerin duka ake canzawa. Ku duba kumburi a jikinsu da farin gari a kan kawunan. Mai saye ya je kasuwa ya tambayi kuɗin sabon jeri a ranar, ya sa shi cikin lissafinsa.

Litiyom daban ne, musamman irin da ake rubuta wa LiFePO4. Lambarsa kusan a wuri ɗaya take tsayawa daga cike har ya kusa ƙarewa, sannan ta faɗi lokaci guda, don haka wancan lissafin ba ya aiki a kansa. Idan yana da manhajar waya mai nuna kaso cikin ɗari, a yi amfani da ita. Idan babu, sai an tsawaita tafiyar, ko a ba amintacce ya yini da shi.

Akwai kuma lissafin da zai raba shi da ruɗin talla. A ninka bolt da Ah: 60 sau 20 ya ba da 1,200, wato yunit ɗaya da ɗan ɗori na wutar lantarki. Ƙaramin babur ɗauke da babban mutum ɗaya a matsakaicin gudu yakan ci wajen 25 zuwa 35 daga cikin wannan adadi a kowace kilomita, ka ga sabon batir irin wannan zai yi kilomita 35 zuwa 45. Manyan lambobin da ake faɗa a shago galibi an same su ne da mahayi mara nauyi, a shimfiɗaɗɗiyar hanya, a gudu mafi ƙanƙanta.

Abin da za ka faɗa ko bai tambaya ba

Idan naka kake sayarwa, addini da mutunci duka sun hana ɓoye aibi. Ka faɗi ko ruwa ya taɓa shiga moto, ko an taɓa canza kwantirola, ko cajar ba ta asali ba ce, ko nisan da yake yi ya ragu daga yadda yake da farko. Idan kuma shawara kawai ya zo nema, to tambayar da ta fi kowace muhimmanci kai ne za ka yi masa: "A ina za ka riƙa yin caji, kuma awa nawa kuke samun wuta?"

Batir mai dalma yana son awa shida zuwa takwas a jere kafin ya cika, kuma abin da ya fi kashe shi shi ne a bar shi ya kwana babu caji ko a riƙa yi masa rabi-rabi. Wanda unguwarsu ba ta samun wuta sai awa biyu ko uku, kuma ba shi da sola ko wurin caji a wurin aiki, zai kashe batir cikin 'yan watanni ya ce babur ɗin ne ba shi da kyau. Cajar ba ta da cin wuta, wajen wat 200 zuwa 300 ce a ƙananan, don haka matsakaiciyar sola da inbata na iya ɗaukarta. Da wutar gwamnati, ko a farashin Band A, rukunin da ya fi tsada, na naira 225 kan kowane yunit da aka sanar a Afrilun 2024, cika batirin 60V 20Ah bai kai naira 400 ba. Amma wanda zai ta da janareto awa bakwai don caji, ya koma sayen man da ya gudu daga gare shi. Irin wannan mutumin gara ka ce masa ya dakata, ko ya nemi mai litiyom da ake zarewa a kai inda wuta take. Na fi son mutum ya fasa saye saboda gaskiyar da na faɗa masa, da ya saya ya riƙa tuna ni da baƙin ciki.

Ka kuma gaya masa kada ya yi caji a cikin rana ko da saukarsa daga tafiya batir na da zafi, kada ya haɗa cajar mai dalma da litiyom, kada ya bar litiyom a caji a ɗakin kwana ko a bakin ƙofar da ita kaɗai ce mafita, domin wutarsa idan ta kama tana da wuyar kashewa. Da damina, yayyafi ba ya hana tafiya, amma ruwan da ya kai tsakiyar taya a kauce masa. Ya tambayi ko akwai mai gyara da kayan gyaran irin wannan samfurin a garinsu. Idan kuma babur ɗin na kamfanonin da ke musayar batir ne, irin su Spiro, ya fahimci cewa batirin na kamfani ne, kuma amfaninsa ya dogara da kusancin tashar musaya.

Idan tsautsayi ya faru

Mutum tukuna. Ka kashe makulli, idan akwai abin yanke wuta a ƙarƙashin kujera ka sauke shi, ka duba wanda ya faɗi da wanda aka buge, a kai asibiti idan da buƙata. Maganar gyara sai hankali ya kwanta, kuma bakanike ne zai faɗi kuɗin a gaban ku biyu. Batirin litiyom da ya bugu, ya lotse ko yake wari, a ajiye shi a fili nesa da ɗaki, kada a sa shi a caji sai mai gyara ya duba.

Idan ciniki ya faɗa

Kada ka matsa masa ya yanke a ranar. Idan yana so, ya ba da kafin alƙalami, a faɗi ranar cikawa da abin da zai faru da kuɗin idan ya fasa. La'adar dillali a san wanda zai biya tun kafin a yi sallama. Ranar biya, kada ka dogara da saƙon alat ko hoton rasit da ya nuna maka a wayarsa. Ka buɗe manhajar bankinka ka ga kuɗin sun zauna, ko ku je banki tare. A rubuta takarda kofi biyu mai ɗauke da sunayenku, lambar jikin babur, lambar moto, irin batir da shekarunsa, aibin da ka faɗa, farashi da kwanan wata, shaidu biyu su sa hannu. Sannan ka miƙa masa rasit na asali, makullai, rimot biyu da cajar da ta zo da babur ɗin, ka nuna masa da hannunka yadda ake fara soka ta a jikin babur kafin a kai ta soket.